Me Ya Sa Ake Hana Majiyyaci Cin Abinci Kafin Tiyata?

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san umarnin nan na likita: kada majiyyaci ya ci kome kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Wasu 'yan'uwa kan ga tsanani ne, har su faki ido su ba shi koko don tausayi. To, bari mu duba asalin wannan doka.

A maƙogwaron ɗan Adam hanyoyi biyu ne: ta abinci da ta iska. Idan mutum yana farke, da zarar wani abu ya kauce zuwa hanyar iska sai ya sarƙe shi, ya yi tari ya fitar. Maganin sa barci na tiyata yana kashe wannan tari, kuma yana sassauta tsokar da ke tsare bakin tumbi. Saboda haka abin da ke cikin tumbi yana iya dawowa sama, ya gangara cikin huhu, majiyyaci bai sani ba.

Wani likitan haihuwa a birnin New York na Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari a 1946. Ya nazarci haihuwa 44,016 da aka yi daga 1932 zuwa 1945, ya tarar mata 66 sun shaƙi amai, biyu daga cikinsu sun rasu domin guntun abinci ya toshe musu numfashi. Ya kuma gwada a kan zomaye, ya nuna cewa tsamin ruwan tumbi ne ke ƙona huhu.

Daga nan asibitoci suka riƙa hana ci da sha tun tsakar dare. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna ruwa tsantsa ba ya daɗewa a tumbi, kuma doguwar ƙishirwa wahala ce kawai. A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida: awa biyu bayan shan ruwa garau, awa huɗu bayan nonon uwa, awa shida bayan madara ko abinci mara nauyi, awa takwas bayan nama ko abinci mai maiƙo. A lura, koko da kunu da fura da nono abinci ne, ba ruwa garau ba.

Idan kuwa tiyatar gaggawa ce, ba a jira. Likita yakan sa majiyyaci barci cikin hanzari, ya zura bututu mai ɗan balan-balan da ke tsare hanyar iska.

Don haka, mai karatu, idan likita ya tambayi lokacin da majiyyacinka ya ci abinci, faɗa masa gaskiya. Ɗage tiyata da 'yan sa'o'i ya fi asarar rai sauƙi.