Idan ka sauka Garwa, ga yadda za ka tambayi wurin ci da wurin sha

Wanda ya tsallaka daga Yola ko Mubi ya shiga Garwa ba zai kwana da yunwa ba. Gari ne na bakin kogin Binuwai, ga kifi, ga shanu, ga dawa. Abin da ke ɓatar da baƙo sunayen wuraren ne. Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci ne a jikin allunan shaguna, Hausa kuma za ka ji ta wajen mahauta da 'yan tireda da mutanen unguwar Hausare. Sai ka ji kalmomi goma duk kamar "wurin ci da sha" suke nufi, alhali kowacce inda za ta kai ka daban. Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa nake so ka riƙe waɗannan tun kafin ka hau bayan ɗan acaɓa.

Mu fara da safiya. In gahawa kake so, kada ka sa rai da irin gidajen gahawar Faransa ko Turkiyya a kowace kwana. Kamaru na noman gahawa, amma can kudu, wajen Bafusam da Nkongsamba. Arewa ƙasar auduga ce, hedkwatar kamfanin Sodecoton ma a Garwa take. Sunan da za ka nema shi ne kafetariya. Yawanci ɗan shago ne ko rumfa mai dogon tebur da benci, ga butar ruwan zafi a kan wuta, ga gwangwanin Nescafé da na madara mai kauri, ga dogon burodin nan na Faransawa a tsaye cikin kwando. A nan ake fasa ƙwai a kan dafaffiyar taliya, a yanka albasa da tumatir, a soya su tare, a tsaga burodi a cusa. Loma ce mai riƙe ciki har azahar. Faɗa wa mai shagon yawan sukari da madara tun kafin ya zuba, don hannunsu na da nauyi a wannan wajen.

In kuwa shayinmu na gida kake marmari, mai citta da kanumfari, to ka ce teburin mai shayi, ka nufi tasha ko bakin kasuwa ko kusa da masallaci bayan asuba. Allon da aka rubuta "salon de thé" wani abu ne daban: wurin zama ne mai kek da lemo, kuɗinsa kuma ya fi. Akwai kuma matan da ke sayar da makala, wato fanke, da dafaffen wake da kunu. Ɗan Najeriya ya kula a nan, in mai sayarwar ta ce maka akwai "gaari", kunu take nufi da Fulatanci, ba garin kwaki ba.

Da rana kalmar da ta fi yaudarar mutanenmu ita ce otal. Mu a Kano ko Katsina mukan ce "zan je otal in ci abinci". A Garwa in ka ce otal, ɗan acaɓa masauki zai kai ka, ya ajiye ka gaban mai ba da makullin ɗaki. In kana son wuri mai kujeru da fanka da takardar jerin abinci, ka ce restoran. In kana son tuwo mai zafi da arha, nemi abin da 'yan Kamaru ke kira turnedo, wanda mu za mu ce rumfar mai tuwo-tuwo. Sunan na nufin juya baya, saboda mai ci yana zaune a benci ya ba titi baya.

Ni dai a ganina abincin Garwa na ainihi a turnedo yake, kuma ba abin kunya ba ne babban mutum ya zauna a can. Sai dai zaɓe yake so. Je da wuri, tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya, lokacin da tukunya ke tururi, don garin yana da zafi ƙwarai, a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, miyar da ta wuni a buɗe ba ta da tabbas. Dubi inda direbobi da ma'aikata suka yi cincirindo. Dubi ruwan da ake ɗauraye kwano: in ya yi kauri ya canza launi, wuce gaba. Tambayi kuɗin kwano kafin a zuba, ka kuma riƙe ƙananan kuɗin sefa, don canji kan yi wuya. In ka ji "folere", ka fayyace: sunan miyar yakuwa ne, sunan zoɓon sha ne kuma.

Da yamma tsire sunansa soya, ka ce mai soya za a nuna maka tukuba. Gasasshen kifi ma kada ya wuce ka, musamman giwan ruwa da suke kira kapiten, wanda ake kamowa a Binuwai da tafkin madatsar Lagdo da aka gama a 1982. Masu gasa kifi da yawa a ƙofar gidajen giya suke kafa murhu, kamar yadda za ka gani a unguwar Yelwa. In zaman wurin bai kwanta maka ba, saya a ƙunshe maka ka tafi masauki.

Wannan ya kawo mu inda kuskure ya fi ciwo. Kada ka taɓa cewa "kai ni wurin sha" kawai. Ko a Hausa, mashaya da can bakin rafi ce inda dabbobi ke shan ruwa, yau kuwa kowa ya san abin da take nufi a birni. "Bar" da "buvette" a jikin allo gidan giya ne, wannan a fili yake. Waɗanda ke ruɗa mutum su ne sauran. "Snack" ba wurin ɗan abin taɓawa ba ne, gidan giya ne mai kiɗa har tsakar dare. "Vente à emporter" za ka zaci abinci ake ƙunshe wa mutum ya tafi da shi, alhali kwalaben giya ake sayarwa, sau da yawa ma a nan ake zama a sha. Sirkwi gida ne na zaman mutane, galibi mace ke riƙe da shi, ana dafa kaza ko kifi ana kuma sayar da giya, allo ma ba lallai ka gani ba. Kabare kuwa a arewacin Kamaru gidan bilbil ne, burkutun jar dawa da ake sha a ƙoƙo.

Ka san su don ka kauce, ba don ka zagi masu su ba. Garwa gari ne na Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, akwai Fulani da Fali da Tupuri da Mundang da sauransu, kuma mata da yawa da wannan sana'a suke ciyar da 'ya'yansu. In ƙafarka ta kai ka bisa kuskure, yi sallama, nemi afuwa, ka juya. A kusa da irin waɗannan wurare akan gasa naman alade, saboda haka tambayi irin naman kafin ka miƙa hannu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ambaci abincin, ka bar sunan wurin. Ka ce tuwo nake so, shayi nake so, nono nake so. In Hausa ba ta shiga ba, ga Fulatanci: "mi yiɗi" na nufin ina so, sai ka ɗora nyiiri don tuwo, kusel don nama, liɗɗi don kifi, kosam don nono, ndiyam don ruwa. In da iyali kake tafe, ƙara da cewa wurin da ba a sayar da giya.

Ku kuma 'yan'uwa masu gidajen abinci a Garwa da Marwa da Ngaundere, don Allah ku taimaki baƙo. Ku rubuta abin da kuke dafawa a jikin allo, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, in ba ku sayar da giya ku faɗa a fili.