Noman Tabar Wiwi: Ƙasashen Sanyi Da Gonakin Nijeriya

Ran 17 ga watan Oktoba, 2018, ƙasar Kanada ta halatta wa baligan mutanenta shan tabar wiwi da kuma shuka 'yar kaɗan a gida. Tun daga lokacin wata magana ta shiga bakin samari a birane, har ta gangara ƙauyuka. Cewa suke yi, in ƙasar da ƙanƙara ke rufewa watanni da yawa ta iya noma wannan ganye a fili, gwamnatinta kuma ta yarda, me zai hana manomin da Allah ya hore wa rana da ƙasa mai albarka? Da wannan magana masu neman hayar gona don wannan sana'a sukan buɗe baki, saboda haka ya kamata a warware ta. Za a yi misali da Yolde Kohi, wata mazaɓa ta manoma da makiyaya a Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu cikin Jihar Adamawa. Ba don ana tuhumar mutanenta da wani laifi ba ne, sai don gonakinta irin na yawancin masu karatu ne.

Abin da ƙasar sanyi ke nomawa

Gaskiya ne an daɗe ana shuka wannan tsiro a ƙasashen sanyi, amma ba don hayaƙi ba. Tsiron yana da iri-iri. Wanda Rasha da ƙasashen arewacin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna nomawa dogo ne siriri, ana shuka shi a cunkushe, a sare shi, a jiƙa, a saɓe ɓawonsa a tufka igiya, a saƙa buhu da filafilan jiragen ruwa. Watau aikin da rama ke yi mana, shi yake yi musu. Sinadarin da ke sa maye, wanda masana ke kira THC, kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Kanada ta ba da iznin noman wannan iri tun 1998, bisa sharaɗin kada sinadarin ya wuce kashi 0.3 cikin 100 a ganye da furensa. Wanda ya nemi maye a irin wannan gona, tari kawai zai samu.

Iri mai sa maye kuwa ɗan ƙasashen zafi ne, sanyi ba ya yi masa daɗi. A yawancin yankunan noma na Kanada, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba ko farkon Oktoba ne kaɗai ake da tabbacin sanyi ba zai ƙone shuka ba. Tsiron kuma ba ya yin fure sai dare ya fara tsawo, lokacin nan kuwa shi ne daidai shigowar raɓa mai daskarewa da danshi mai sa ruɓa. Wannan shi ya sa mafi yawan abin da ake sayarwa a can a cikin ɗakunan gilashi da rufaffun gine-gine ake noma shi, da wutar lantarki, a hannun kamfanoni masu lasin.

Halaccin ma da shinge. Gida ɗaya bai wuce tushe 4 ba, lardin Kwibek kuwa ya hana shukar gida sam. Ba a yarda mutum ya riƙe fiye da giram 30 a bainar jama'a ba. Sayar wa yaro babban laifi ne, haka kuma tsallaka iyakar ƙasa da ita ba tare da izni ba. Ashe ƙunshin da jami'ai ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Legas, wanda aka ɓoyo daga Kanada, tun daga can ya saɓa wa doka.

Halin ƙasarmu

A Yola da kewaye ruwa ne ke yanke wa manomi lokaci, ba sanyi ba. Damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan shekara kuma wajen milimita 900 ne, sa'an nan a watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce awo 40. In ana neman wuri mai sanyi na sosai a wannan sashe, sai an hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, can ma ƙanƙara ba ta kwanciya. Manyan gonakin wiwi na Nijeriya suna cikin dazuzzukan kudu ne, a jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti, inda ake sare itatuwan gandun daji na gwamnati a ƙone don a buɗe fili. Daga can ake loda ta a mota zuwa arewa. Kasuwarta kuwa ba ƙarama ba ce: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu kuwa wiwi suka sha. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya fara ta da ƙuruciya, ya yawaita, ya fi kusa da taɓuwar hankali.

Masu tarihi da dama suna ganin shanta ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da dawowar sojoji daga Indiya da Bama, watau Miyanma ta yanzu. Amma doka ta riga su, domin tun 1935 Turawan mulki suka sa ta cikin miyagun magunguna. A 1966 Gwamnatin Soja ta kafa doka mai lamba 19, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka ta. An sassauta a 1975, aka sake tsanantawa a 1984. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48, wadda a watan Janairu na 2021 aka naɗa Janar Buba Marwa, ɗan Jihar Adamawa, ya shugabance ta. An sha kai wa Majalisar Wakilai shawarar a halatta noman don magani da masana'antu, amma ba ta zama doka ba.

Abin lura a nan shi ne, dokar Nijeriya ba ta raba irin igiya da irin maye ba. Duk tsiron da ke cikin wannan dangi haramun ne a shuka shi, ko tushe ɗaya ne, ko da an ce don magani ne ko don gwaji. A Babbar Kotun Tarayya ake gurfanar da mai laifi, hukuncin yana iya kai wa ɗaurin rai da rai, ana kuma iya ƙwace dukiyar da ta shafi laifin.

Mai gona da mai haya

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne dattijon da ya ba da aron gona ko hayarta, ya koma Jimeta ko cikin Yola ya zauna, bai sake leƙa ta ba sai kaka. Doka ta tanadi hukunci ga wanda ya bar wurinsa ana irin wannan aiki da saninsa, kuma cewa ba a sani ba magana ce da sai an sha wuya kafin alƙali ya karɓa. Ran da jami'ai suka zo, mai haya ya daɗe da tsere wa, gona kuwa ba ta gudu.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne kamannin ganyen da na rama. Kamar ta yi yawa har masana suka sa wa rama suna Hibiscus cannabinus, watau mai kama da wiwi. Amma ana iya rabewa. Ganyen rama guda ne mai tsage-tsage, yatsunsa a haɗe suke daga gindi, tana da ƙananan ƙayoyi a kara, da babban fure mai ruwan ɗorawa da ja a tsakiya. Na wiwi kuwa yatsunsa a rabe suke ɗaya-ɗaya, yawanci 5 zuwa 9, bakinsu kamar zarto, ba shi da fure mai ado, yana da wari mai ƙarfi in an murza.

Saboda haka duk mai ba da haya, ko a tudu ko a fadamun bakin Binuwai inda ake noman rani, ya ƙulla maganar a gaban mai unguwa ko jauro da shaidu, a ambaci abin da za a shuka. Baƙon da ya taya kuɗi fiye da kima, ya nemi lungun da ya fi nisa da hanya, ya kuma hana makiyaya da masu itace wucewa, a bincike shi. Mai gona ya zaga ta da ƙafarsa har tsakiya, aƙalla lokacin noman farko da lokacin da dawa ta rufe mutum. In ya ga abin da bai gane ba, kada ya tuge ya kai gida, domin riƙe shi ma laifi ne. Ya bar shi inda yake, ya sanar da dagaci da malamin gona, su kai rahoto ofishin NDLEA da ke Yola ko caji ofis mafi kusa.