Maido da ƙarfin ciki bayan haihuwa

Wata tara na goyon ciki suna miƙe tsokar da ke gaban cikin mace. Tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara sukan rabu a tsakiya domin jariri ya sami wuri, kuma ba sa haɗuwa nan take bayan haihuwa. Shi ya sa mai jego kan ji ciwon baya da ƙugu idan ta koma daka, ko ɗaukar ruwa, ko goyo. Ɗaure ciki da zane, kamar yadda aka saba, yana ba da ɗan sauƙi, amma zane ba ya ƙarfafa tsoka.

Uwa, ga abin da za ki yi, ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki. Shimfiɗa tabarma ki kwanta rigingine, ki naɗe gwiwoyi, tafin ƙafafunki a ƙasa. Ɗora hannu a kan mara ki shaƙi iska ta hanci har ciki ya taso. Sa'an nan ki fitar da ita a hankali ta baki, kina jawo cibiya ciki, kina manna ƙasan bayanki da tabarma, kina kuma matse gabanki kamar mai riƙe fitsari. Ki tsaya haka ki ƙirga biyar, ki saki. Kada ki riƙe numfashi yayin ƙirgawa. Nan ne mafi yawan masu farawa ke kuskure. Ki fara da sau 5, safe da yamma, ki riƙa ƙarawa har ki kai 10. Idan wannan ya zame miki da sauƙi, sai ki ƙara da zamar da diddige ɗaya a kan tabarma har ƙafa ta miƙe, ki dawo da ita, ba tare da baya ya ɗaga ba.

Wadda ta haihu lafiya tana iya farawa da zarar zafin jiki ya lafa, ko da ba a yi arba'in ba. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri kuwa, ta jira izinin ungozoma ko likita. Tashi zaune kai tsaye daga kwance yana ƙara buɗe tsokar, don haka a juya ta gefe, a dafa hannu a tashi.

Ga masu wayar da kai a unguwanni da ƙauyuka: ku tambayi uwa abin da ta ci kafin ku koya mata motsa jiki. Mai shayarwa da ke fama da ƙarancin jini ba ta da ƙarfin da za ta ba tsoka. Ta ƙara kwano a kan abincinta, da wake, da gujiya, da zogale, da ƙwai ko nama idan an samu, ta kuma ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta. Wannan motsi ba ya rage nono, kuma jariri zai ci gaba da shan nono zalla har wata 6.

A dakata, a tafi cibiyar lafiya, idan jini ya ƙaru, ko jiri ya zo, ko ciki ya yi zafi, ko fitsari na zuba ba tsayawa. Mai jego da ke haki ko ƙafafunta suka kumbura, musamman mai yawan shan kunun kanwa, a kai ta a ranar, domin yana iya zama ciwon zuciya.