Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Ruwa Ya Tafi Ya Bar Mu a Barselona, Mu Sake Gwadawa?

TAMBAYA: Bara ni da maigidana muka yi tanadi, muka biya kuɗin yawon mako ɗaya a jirgin ruwa, irin mai zagaya garuruwan bakin Bahar Rum. Jirginmu na sama ya makara wajen tashi daga Abuja, muka rasa na biyun da zai ƙarasa da mu, ko da muka isa Barselona jirgin ruwan ya riga ya ɗaga. Akwatina ma bai iso ba sai bayan kwana uku. Muka zauna a otal kowa na ganin laifin ɗan'uwansa, muka dawo gida. Bana Alhaji ya yarda mu sake gwadawa, amma gabana faɗuwa yake yi. Shin da akwai abin da za mu iya yi a lokacin? Yaya za mu yi kada a maimaita? In kuma mun samu shiga, waɗanne garuruwa suka cancanci a sauka?
Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Sannu da wannan ɗawainiya, Allah Ya mayar da alheri. Ki fara sauke wa kanki da Alhaji laifin nan. Makarar jirgi ba a hannunku take ba. Abin da ya kayar da ku shi ne tsarin tafiyar, wato saukar da aka shirya muku a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Matafiya da yawa kan yi haka don gudun kuɗin otal na dare ɗaya, sai su yi asarar kuɗin mako guda.

Jirgin ruwa ba ya jiran fasinja. Yana ɗauke da dubban mutane, an tsayar masa da lokacin fita daga tasha, gobe da safe kuma wata tasha na jiransa. Ƙofar shiga ma akan rufe ta da sa'a ɗaya ko biyu kafin tashi. Amma a tambayarki ta farko, e, akwai abin yi. Da yawa daga cikin jiragen da ke tashi daga Barselona a irin wannan zagaye sukan wayi gari a Marsey ta ƙasar Faransa, tazarar kilomita 500 ko kusa da haka ta hanyar mota, akwai kuma jirgin ƙasa da na sama. A cikin takardun da kamfani ke turowa akwai lambar kiran gaggawa ta ranar tafiya. Da tun kuna filin jirgi kuka kira, kuka ce kun makara, sau da yawa akan yarda fasinja ya tari jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Sharaɗin shi ne a nemi izininsu tukuna. Wanda ya yi shiru, ana iya ɗaukar ya fasa tafiyar a soke ɗakinsa.

Bana ku sauka Barselona saura kwana biyu jirgi ya tashi. Kwana ɗaya ya wadaci mai zuwa daga Jamus, amma wanda zai taso daga Kano ko Abuja, ya canza jirgi a hanya, kwana biyu ne kwanciyar hankalinsa. Tikitin sama kuma ya kasance guda ɗaya tun daga gida har Barselona, domin in na farko ya makara, nauyin sa ku a wani jirgin na kan kamfanin. Wannan kwana biyun yana da wani amfanin: akwatin da ya yi lattin zuwa yakan tarar da mai shi kafin ya hau teku. Duk da haka ku cakuɗa kayan, rabin naki a akwatin Alhaji, rabin nasa a naki, magunguna da takardu da kayan sawa na kwana biyu kuma a jakar hannu. In akwati bai fito ba, kada ku bar filin jirgi sai an cika muku takardar rahoton ɓatan kaya. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, kuna da kwana 21 daga ranar da kaya ya iso hannunku ku rubuta neman diyyar abin da kuka kashe, don haka ki adana rasit ɗin duk abin da kika saya.

Akwai kuma dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004. In kamfanin jirgin da ya ɗauko ku na wata ƙasar Tarayyar ne, kuka isa da makarar sa'a uku ko fiye, diyyar doguwar tafiya irin taku tana iya kaiwa Yuro 600 ga kowane mutum, sai fa in dalilin makarar abu ne da ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. In kamfanin ba na Turai ba ne, dokar ba ta shafi tafiyarku ta zuwa ba. Ko an biya, kuɗin jirgin ruwan ba ya ciki. Shi sai inshora, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa. Inshorar Yuro 30,000 da ake nema wajen bizar Shengen ta rashin lafiya ce. Ku nemi wadda ta rubuta ƙarara cewa tana biyan asarar wanda ya rasa jirgi saboda makarar wani jirgin, ku karanta wurin da idonku kafin ku biya.

Game da bizar, ana karɓar takardu tun saura wata shida, kuɗinta kuma Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ku duba jerin tashoshin da kyau. Sifen da Faransa da Italiya da Malta duk cikin Shengen suke, amma in jirgin zai tsaya Tunisiya ko Turkiyya, kun fita ke nan, sai da bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya.

Yanzu ga garuruwan, abin da kuka biya kuɗi dominsa. Shawarata ita ce a kowane gari ku zaɓi abu ɗaya ko biyu, ku yi su a tsanake. Sa'o'i shida zuwa tara kawai za ku samu a ƙasa, mai son ganin komai kuwa da gajiya da ɓacin rai yake komawa jirgi.

In zagayenku ya biya ta Falermo, babban birnin tsibirin Sisiliya, nan zan ce ku fi ba ƙarfi. Daga tasha da ƙafa ake shiga gari. Musulmi sun karɓi birnin a shekarar 831, suka riƙe shi har 1072 lokacin da Normawa suka ƙwace, amma sarakunan Normawan suka ci gaba da aiki da magina da malaman Larabawa. A fadarsu akwai ƙaramar majami'ar Sarki Roja na Biyu. Ki ɗaga kai ki dubi rufinta: katako ne da aka sassaƙa gurbi-gurbi kamar saƙar zuma, irin adon masallatai da fadojin Misira, da rubutun Larabci yana zagaye da zane-zanen. A wannan fadar ne ɗaya daga cikin malaman, Al-Idrisi, ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci ƙasashen baƙar fata irin su Gana ta da da Kanem. A ƙofar babbar majami'ar garin kuma, a jikin wani ginshiƙi, akwai ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa, wadda mutane ke wucewa ba su lura ba. Daga nan ku gangara kasuwar Balaro, inda masu kifi da lemo ke ɗaga murya suna kiran ciniki, ku sha ruwan lemon da aka matse a gabanku.

Baleta ta ƙasar Malta ita ce mafi sauƙi. Ku tashi da asuba ku tsaya a saman jirgi lokacin shiga tashar, ku ga ganuwar dutse mai ruwan zinariya ta kewaye ku hagu da dama. An kafa birnin a 1566. Jirgi na tsayawa a gindin ganuwa, ga na'urar hawa mai tsayin mita 58 da za ta kai ku lambun Baraka na sama, inda ake harba igwa da ƙarfe goma sha biyu na rana. Garin ƙarami ne, wuni ɗaya ya isa.

A Marsey tashar na da nisa da tsakiyar gari, sai an hau bas. Ku je tsohuwar tashar kwale-kwale, ku shiga unguwar Nuway, inda 'yan Aljeriya da Tunisiya da Komoros ke da shaguna, ku ci naman halal hankali kwance. A Jenowa ta Italiya kuwa lungunan tsohon gari na daf da tasha.

Wurin da nake so ki yi hattara shi ne birnin Rum. A takarda za a rubuta Rum, amma jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa na cin fiye da sa'a ɗaya, ga bas daga bakin jirgi zuwa ƙofar tasha, ga yajin aikin ma'aikatan sufuri da ba baƙon abu ba ne a Italiya. A nan ku sayi rangadin da kamfanin jirgin ya shirya, ko da ya fi tsada. In motarsu ta makara, jirgi kan jira ta ko su ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wanda ya fita don kansa ya makara, iyakar abin da akan yi masa shi ne a bar masa fasfo a hannun wakilin kamfani a tasha.

Kowace safiya, kafin ku taka matakala, ku ɗauki hoton allon da ke nuna lokacin komawa, wanda yawanci rabin sa'a ne kafin tashi, ku kuma ƙudura dawowa saura sa'a ɗaya da rabi. Ki duba agogon hannun Alhaji: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba waɗannan ƙasashe na gaban Nijeriya da sa'a ɗaya. Takardar shirin yini da ake sa muku a ɗaki na ɗauke da lambar wakilin tasha, ki sa ta a jaka.

Sauran ƙananan abubuwa. In kina jin jiri a mota, ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Ku sanar da kamfani batun abincinku tun kafin tafiya. Kifi da kayan lambu dai ba sa yankewa. Ku sani ana sayar da giya a jirgin, bakin wurin iyo kuma shigar Turawa ce, amma jirgin na da faɗi, za ku sami inda ya yi muku. Akwai kuɗin hidima da akan ɗora wa kowane fasinja kullum, ku tambayi adadinsa tun yanzu. A tsakiyar teku ku kashe intanet ɗin waya, don layin tauraron ɗan'adam yake bi, tsadarsa ba kaɗan ba ce.

Ranar komawa ma kada ku yanki tikitin safe. Jirgi kan iso Barselona da sassafe, amma rukuni-rukuni ake sauke fasinjoji, a nemi akwati, a yi layin tasi. Ku nemi jirgin da zai tashi bayan azahar, ko ku ƙara kwana ɗaya a garin. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, ki gaida Alhaji.