Kwalbar Da Ke Cikin Tsohuwar Rediyo

A hutun da ya wuce na zauna a shagon kawuna mai gyaran rediyo a Kazaure. A can na ga wata 'yar kwalba mai ƙafafu tara, tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Na ɗauka ƙwan fitila ne. Kawu ya ce bawul ce, irinta ce ke cikin rediyon kakanninmu.

Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro ta a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata 'yar raga a tsakiya. Da aka samu tiransista a 1947, sai a hankali aka daina yayin kwalbar.

Babu iska a cikinta. Akwai siririyar waya mai yin ja, ita ke gasa wani ƙarfe da ake kira katod. Idan ya yi zafi sai ya saki ƙwayoyin lantarki, su ruga zuwa wani ƙarfen mai suna faranti. Ragar tana tsakaninsu kamar mai gadin ƙofar makaranta. Ɗan sautin da aka kawo mata shi ke sa ta bar su su wuce da yawa ko kaɗan.

Abin da muka haɗa sunansa bafa, ana sa ta tsakanin abin da ke fitar da sauti da amfilifaya. Nan na sha mamaki, don bafa ba ta ƙara ƙarar sauti ko kaɗan, har ma tana ɗan rage ta. Na ce, "Kawu, to mene ne amfaninta?" Ya ce in duba ruwan kofi da ruwan randa. In aka ɗebi ludayi ɗaya a kofi sai ya yi ƙasa, randa kuwa ko a jikinta. Bafa tana mai da sautin ya zama na randa, doguwar waya da amfilifaya su ja, bai raunana ba.

Kwalbarmu lambarta 12AU7. Bawul biyu ne a cikinta, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na hagu. Ƙafa ta 4 da ta 5 na wayar zafi ne, suna shan bolt 12.6. Sauti yana bi ta kwandensa ya shiga ƙafa ta 2, wato raga. Ƙafa ta 1 faranti ce, ita ake ba babbar wuta. Ƙafa ta 3 katod ce, ana haɗa ta da layin ƙasa ta rizisto, kuma a nan ake ɗaukar sautin ta wata kwandensar. Ƙafa ta 6 da 7 da 8 haka ake yi musu.

Da muka kunna, sai lasifika ta kama gurnani. Ashe ni ne na kwantar da wayoyin zafi kusa da wayar sauti. Sai da muka murɗe su biyun kamar igiya, muka kai su gefe, sannan ta yi shiru.

Ga abin da ya sa na rubuto wannan. Da Kawu ya zare filogi, na kai hannu zan taɓa allon, ya buge mini hannu har na ji haushi. Ya ɗora mita a kan babbar kwandensa, sai ga bolt fiye da 100, alhali babu abin da ke jone! Kwandensa tana ɓoye wuta bayan an kashe. Da rizisto ya sauke ta, ya sake aunawa, sannan ya ce in taɓa.

Na san wasunmu a nan Achilafiya suna farke tsohuwar talabijin da cajar waya don neman wayar tagulla. Akwai kwandensa a cikinsu su ma. Kada ku buɗe sai da babba mai mita a hannu.

Na zana hoton ƙafafun tara a ƙasan wannan takarda. Daga giɓin ake fara ƙirgawa, a bi yadda agogo ke juyawa, ana kallon kwalbar ta gindi.