Gyaran Kacar Babur: Darasi Domin Sababbin Mahaya

 Wannan takarda jan hankali ce a kan kacar babur, wadda wasu ke kira sarƙa. Abu ne ƙarami a ido, amma rai yana rataye a kansa.

A dā doki ne ke kai takardar hakimi wajen dagaci, daga baya keke ya karɓe shi. Yanzu kuwa babur ne dokin kowa. A ƙasar 'Yandakan Katsina, watau Dutsin-Ma, da ƙasar Maraɗin Katsina, watau Kurfi, shi ke kai masinja Karofi ko Birci, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko amfanin gona daga bakin madatsar Zobe. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011 samari masu haya da babur suka ƙaru. Da yawansu sun koyi tuƙi cikin 'yan kwanaki, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake kiwon abin hawan.

Aikin kaca

Inji ba ya taɓa ƙafar baya da kansa. Yana juya wani ƙaramin faifai mai haƙora, kaca ta ɗauki ƙarfin nan ta kai wa babban faifai da ke manne da ƙafar baya. Kaca kuwa gaɓoɓi ne da aka haɗa da 'yan ƙusoshi. Yau da gobe ƙusoshin suna cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo, sai kacar ta saki. Ƙurar hunturu da yashin rafi su ke gaggauta wannan, gama in suka gauraya da mai sai su zama kamar dutsen washi. Sabuwar kaca ma takan saki da sauri a makonninta na farko.

Laifin sakewa da laifin ɗaurewa

Idan kaca ta saki da yawa, za a ji tana dukan murfinta, babur kuma yana fizga lokacin tashi. In aka faɗa rami tana iya zamewa daga haƙora. Wani lokaci iyakar abin ke nan, mutum ya tura babur da ƙafa. Wani lokaci kuwa sai ta cushe ta ƙulle ƙafar baya ana cikin gudu, mahayi da wanda ya goya su zube a kan titi.

Sabon mahayi da ya ji haka yakan ce, to, bari in ɗaure ta tam kamar tsarkiyar baka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma bai fi na farko sauƙi ba. Dalili kuwa, ƙafar baya ba a kafe take ba, tana hawa da sauka bisa sifirin. Duk sa'ad da aka ɗora nauyi, ko aka taka gargada, tazarar da ke tsakanin faifan nan biyu takan ƙaru, kacar ta ƙara miƙewa. In ba a bar mata wuri ba, sai ta riƙa jan ƙarfen giya, ta cinye haƙora, mai ya fara yoyo, ƙarshe ta tsinke. Saboda haka wanda zai ɗora buhun masara ko ya goya mutum ya fi kowa bukatar barin sakewar da ta dace.

Yadda ake aunawa

Ga yawancin ƙananan baburan da ake hawa a ƙasarmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Honda, sakewar da ake so tana tsakanin milimita 20 zuwa 30, watau wajen inci ɗaya, kimanin faɗin babban yatsa ko fiye kaɗan. Wanda ke da littafin da ya zo da babur ɗinsa, sai ya bi adadin da ke ciki.

1. A kashe inji, a zare makulli, a sa giya a firi. A ɗora babur bisa matsayinsa na tsakiya a wuri mai daidai, yadda ƙafar baya za ta tashi daga ƙasa.
2. In kaca tana cikin murfi, a buɗe ƙaramar kafar da ke jikin murfin na ƙasa.
3. A tsakiyar layin kaca na ƙasa, a tura ta sama da yatsa, sa'an nan a danna ta ƙasa. Tazarar da ta yi tafiya ita ce sakewarta.
4. A juya ƙafa da hannu a sake aunawa wuri uku ko huɗu. Kaca ba ta cinyewa bai ɗaya. Inda ta fi ɗaurewa, nan ne za a yi awo da shi.

Yadda ake gyarawa

1. A sassauta babban notin da ya riƙe sandar ƙafar baya, kada a cire shi. A wasu babura akwai noti na biyu a gefen faifan haƙora, shi ma a sassauta.
2. A bayan ƙarafa biyu da suka riƙe ƙafar akwai ƙananan notuna na ja, ɗaya dama ɗaya hagu. A juya su da sifana kaɗan kaɗan, kwatan juyi a dama, kwatan juyi a hagu, ana aunawa. Sannu ba ta hana zuwa.
3. A dubi zane-zanen da ke jikin ƙarafan nan. Lalle ne alamar dama ta tsaya daidai da ta hagu. In sun saɓa, ƙafa ta karkace, taya da kaca za su cinye ta gefe guda.
4. A ɗaure babban noti sosai, a ɗaure ƙananan, a mai da fil ɗin da ke tsare noti in akwai. Sa'an nan a sake aunawa, gama ɗaurin yakan sauya awo.
5. A taka birkin baya a gani. Ja da ƙafa baya yakan matse birki, sai a sassauta notinsa har ƙafa ta juya ba ta kamawa.
6. A sauke babur, wani ya zauna a kai, a taɓa kacar. Tilas ne a same ta da sauran motsi.

Mai da wanki

A wanke kaca da kananzir da tsohon buroshi, a goge, a ɗiga mata man giya ko man inji mai tsabta ta cikin layin ƙasa, ana juya ƙafa da hannu. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, ba a so. Kada a kuskura a goge kaca ko a sa mata mai inji yana aiki. Haƙora kan kama tsumma su ja yatsu, kafin ƙiftawar ido an yi hasarar da ba ta gyaruwa.

Ya kamata a duba ta bayan kowace tafiyar kilomita 500. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne, ashe zuwa da komowa sau huɗu ya isa. Da damina, in an ƙetare rafi, a duba a ranar.

Lokacin da gyara ba ya amfani

A kama kaca a bayan babban faifai a ja ta baya. In ta ɗago har ana ganin rabin haƙori, ta ƙare. Haka nan in haƙora sun yi tsini sun lanƙwashe, ko notunan ja sun kai iyaka. A sauya kaca da faifan biyu tare, domin tsohon haƙori yana cinye sabuwar kaca. Yanke gaɓa don a rage tsawo arha ce mai tsada. Wajen haɗa sabuwa, rufaffen bakin maƙallin ya fuskanci inda kaca ke tafiya.

Abin da ake roƙon hakimai da malamai

Hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su karanta wa samari wannan darasi, su kuma kira shugabannin masu haya da babur su ji. A hana cire murfin kaca, gama shi ke tsare ƙura, shi ke hana bakin babbar riga ko zanen mace shiga haƙora. Malamai kuwa su buɗe littafi ga kowane babur na ofis, su rubuta ranar da aka duba kaca da adadin kilomita, masinja ya sa hannu. Kada a sallami ɗan aike da yamma sai an duba. Kowa ya san tsayuwa a dokar daji bayan magariba ba abin so ba ne, aikin kuwa bai wuce na minti goma ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa sarakunanmu lafiya, amin.