Magungunan Tazarar Haihuwa da Kwanciyar Hankalin Mace

Gabatarwa

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san amfanin hutawa tsakanin haihuwa da haihuwa. Shi ya sa mai jego kan tafi wanka gidan iyayenta, ake shayar da yaro kusan shekara biyu kafin yaye, ake kuma gudun kwanika. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ita ce mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani cikin.

Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta ta farko game da yawan jama'a cikin 1988, sa'an nan cikin 2011 ta ba da umarnin a riƙa bayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. A Babban Birnin Tarayya, Abuja, ana samunsu a asibitocin Asokoro da Maitama da Wuse da Kubwa da Nyanya, har zuwa ƙananan asibitocin da ke yankunan Kuje da Kwali da Bwari da Abaji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani, allura da ashanar fata kuwa su ne kan gaba.

To, amma akwai wani kuka da wasu mata kan yi. Sukan ce tun da suka fara shan ƙwaya, ko aka yi musu allura, sai halinsu ya sake: saurin fushi, kuka ba dalili, da ƙuncin zuciya. Sau da yawa akan ɗora wannan a kan aljanu ko sammu ko kishi, har ta kai ga yaji ko mutuwar aure. Wannan ƙasida ta yi bayanin abin da likitoci suka gano, da abin da ya kamata a yi.

Yadda Magungunan ke Aiki

Jikin mace na yin waɗansu sinadarai guda biyu, watau istirojin da farojestaron. Su ne ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Magungunan tazarar haihuwa kwaikwayon waɗannan sinadarai ne. Suna hana ƙwai fitowa, ko su kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba. Daga cikinsu akwai:

1. Ƙwayoyin da ake sha kullum, masu sinadari biyu ko ɗaya.
2. Allurar wata uku, kamar Depo-Provera da Sayana Press, da ta wata biyu, watau Noristerat.
3. Ashanar fata da ake sa wa a damtse: Implanon ta shekara 3, Jadelle ta shekara 5.
4. Robar mahaifa mai sakin sinadari a hankali.

Abin lura shi ne waɗannan sinadarai ba a mahaifa kaɗai suke tsayawa ba. Jini na kai su ƙwaƙwalwa, inda suke taɓa hanyoyin da ke kula da barci da natsuwa da farin ciki. Wannan ne dalilin da ya sa wasu mata kan ji canjin hali gab da al'ada, ko bayan haihuwa, ko lokacin ɗaukewar jini, ko da ba su sha komai ba. Jiki kuwa suna ya tara: abin da wata ba za ta ji ba sam, wata zai dame ta.

Abin da Bincike ya Nuna

Cikin 1960 aka ba da izinin sayar da ƙwayar farko a Amurka. Tana ɗauke da istirojin maikirogiram 150, alhali yawancin na yau 20 zuwa 35 ne. Tun a wancan zamani mata suka yi ta koke, har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna sauraron bahasi cikin 1970, daga nan aka wajabta sa takardar gargaɗi cikin kowane kwali.

Bincike mafi girma shi ne wanda masana na Jami'ar Kofanhagan ta ƙasar Denmak suka wallafa cikin 2016. Sun bi rajistar mata fiye da miliyan ɗaya, 'yan shekara 15 zuwa 34, daga 2000 zuwa 2013. Sun tarar cikin mata 1,000 da ba sa amfani da waɗannan magunguna, kimanin 17 ne kan fara shan maganin ciwon damuwa a shekara. Cikin 1,000 masu amfani da su kuwa, kimanin 22 ne. Watau ƙarin bai wuce mace 5 cikin 1,000 ba. Ƙarin ya fi yawa ga 'yan shekara 15 zuwa 19, ya kuma fi bayyana wajen wata shida da farawa. Sai dai bin rajista ba ya tabbatar da cewa maganin shi kaɗai ne sanadi, domin sabon aure da raino da halin rayuwa duk suna da nasu tasirin.

Cikin 2017 masana na Cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin suka gwada mata 340 har wata uku. An ba rabinsu ƙwayar gaske, rabi kuma ƙwayar da ba magani a ciki, ba tare da kowace ta san wadda aka ba ta ba. Masu shan ta gaske sun ba da labarin raguwar jin daɗi da kuzari, amma ba a ga ƙarin ciwon damuwa a tsakaninsu ba. Cikin 2018 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta gargaɗi game da ƙuncin zuciya da tunanin kashe kai a takardun waɗannan magunguna.

A ɗaya gefen, akwai matan da ƙwayar kan sauƙaƙa wa baƙin ran da ke zuwa gab da al'ada. Har wa yau, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana mai ciwon damuwa amfani da waɗannan hanyoyi ba. Taƙaitaccen zance shi ne: yawancin mata ba sa jin komai, wasu kan ji sauƙi, kaɗan kuma kan wahala. Wahalar waɗannan kaɗan ɗin gaskiya ce, ba shagwaɓa ba ce.

Waɗanda Suka Fi Bukatar Lura

Na farko, ƙananan mata da ba su kai shekara 20 ba. Na biyu, wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, ko wani magani irin wannan ya taɓa canja mata hali. Na uku, mai jego, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan 13 cikin 100 na masu sabuwar haihuwa kan sami matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, ko da magani ko babu. Na huɗu, mai shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka, saboda wasunsu kan rage ƙarfin ƙwaya da ashanar fata.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. Kafin a zaɓi hanya, mace ta gaya wa malamar asibiti tarihin lafiyarta duka, har da na zuciya, da duk maganin da take sha. Kada a sayi ƙwaya ko allura a kemis bisa shawarar maƙwabciya.

2. A lura da hali cikin wata shida na farko. Yana da kyau a riƙa sa alama a kalanda duk ranar da aka ji ƙunci, domin likita ya gani.

3. Idan baƙin ciki, ko rashin sha'awar abin da aka saba so, ko rashin barci, ko rashin cin abinci ya kai mako biyu, a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba.

4. Kada a daina a ɓoye ba tare da wata hanyar ba, domin cikin da ba a shirya masa ba na iya ƙara damuwar. A nemi canji. Ana iya sauya irin ƙwaya, ashanar fata kuma ana cire ta duk lokacin da mace ta nema. Allura dai ba a fitar da ita, sai wa'adinta ya cika, saboda haka mai shakka ta yi tunani kafin ta zaɓe ta.

5. Akwai hanyoyin da babu sinadari a cikinsu: robar mahaifa mai jan ƙarfe da ke aiki shekara 10, da kwaroron roba, da shayar da nono zalla cikin wata shida na farko muddin al'ada ba ta dawo ba.

6. Wadda ta fara tunanin cutar da kanta ko jaririnta, kada a bar ta ita kaɗai. A kai ta asibiti nan take, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Babban Asibitin Karu.

Aikin Maigida da Dangi

Sau da yawa maigida ko uwar miji ne kan riga ganin canjin. Faɗa da gori ba sa maganin komai. Abin da ake bukata shi ne a tambaye ta cikin lalama, a rage mata ɗawainiya, a raka ta asibiti. Addu'a ba ta hana neman magani. Ganin likitan ƙwaƙwalwa kuma ba ya nufin hauka. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu cikin Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin mai irin wannan lalura, ta kuma haramta nuna masa bambanci.

Kammalawa

Tazarar haihuwa na ceton rayukan uwaye da 'ya'ya, kuma ba a yi ta domin ta raba mace da kwanciyar hankalinta ba. Wadda hanya ɗaya ba ta karɓe ta ba, akwai wata. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka wajibi ne mace ta faɗi abin da take ji, wajibi ne kuma ma'aikatan lafiya su saurare ta. Lafiya uwar jiki.